Aikin da ba na karɓa a shagona

Sana'ata gyaran waya ce a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Canjin sikirin, bakin caji, wayar da ta faɗa ruwa, wadda ta ƙi tashi sai an yi mata filashin, duk ina yi. Amma akwai aiki guda da ake kawo min a kai a kai, wani lokaci da kuɗi mai tsoka, wanda ba na karɓa: a saka wa wayar yaro wani abu a ɓoye, yadda iyaye za su riƙa karanta saƙonninsa daga tasu wayar ba tare da ya sani ba. Ba a cika faɗar wannan buƙata da ƙarfi ba. Sai an jira mutane sun ragu a gaban kanta, sannan a matso, a rage murya, a ce, "Injiniya, wani ɗan taimako nake so ka yi min, amma tsakanina da kai."

Masu zuwa da wannan magana ba mugayen mutane ba ne. Uwa ce da ta farka tsakar dare ta ga haske a ƙarƙashin bargon 'yarta. Uba ne da ya ga ɗansa da takalmin da bai saya masa ba. Yaya ne da mahaifinsu ya rasu, nauyin ƙanne ya dawo kansa, shi kuma kullum yana kan hanyar Legas da mota. Tsoro ne yake kawo su, kuma tsoron yana da tushe. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraicinsu, sannan su ce a biya kuɗi ko su watsa. A watan Maris na 2022 wani saurayi ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa a dare ɗaya, sa'o'i kaɗan bayan irin waɗannan mutane sun ritsa shi. 'Yan'uwa biyu daga Legas aka miƙa wa Amurka a kan lamarin, kuma a 2024 aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 17 da rabi. Kada wani ya ɗauka a can kaɗai ake yi. A nan kasuwar an sha zuwa da hawaye ana tambayarmu ko akwai hanyar goge hoto daga wayar wani, kuma amsar da muke bayarwa ba ta da daɗi. Ga cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin makarantar samari, ga manyan banza masu tura wa yarinya kati da data kafin su fara neman abin da ya kawo su.

Don haka ba na cikin masu cewa a sakar wa yaro waya ya yi yadda ya ga dama. Da kuɗin uba aka saye ta. Layin da ke cikinta, tun da gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, galibi da sunan uba ko uwa aka yi masa rajista, in an aikata ɓarna da shi ƙofar gidansu za a ƙwanƙwasa. Hana wayar gaba ɗaya kuwa ya yi wuya: makarantu a zauren WhatsApp suke tura aikin gida da sanarwa, ɗalibin da zai rubuta JAMB sai ya tura NIN ɗinsa zuwa 55019 daga layin da zai ci gaba da riƙewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana dukkanmu makiyaya ne, kuma za a tambayi kowa a kan abin da aka ba shi kiwo. Dokokin zamani ma ba su cire hannun iyaye ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 10, ta hana a kutsa cikin sirrin yaro da wasiƙunsa ba bisa ƙa'ida ba, amma a nan take ta ƙara da cewa iyaye suna da damar sa ido a kan halayyar 'ya'yansu gwargwadon hankali. Sa ido wajibi ne. Leƙen asiri shi ne abin da nake ƙi, kuma dalilina na farko na sana'a ne tun kafin a zo maganar tarbiyya.

Manhajar da za ta ɓuya a waya tana kwashe saƙonni, hotuna da murya, ba a samunta a Play Store, domin tun 2020 Google ya hana duk manhajar bibiya da ba ta nuna wa mai wayar cewa ana bibiyarsa. Sai dai a sauko da ita daga wani shafi, a kashe Play Protect, wato garkuwar da ke kare waya daga miyagun manhajoji, a ba ta izinin taɓa komai. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, saƙonnin ba kai tsaye suke tafiya daga wayar yaro zuwa ta uba ba. Sai sun fara sauka a kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa, can ake tara su, uba ya shiga da lambar sirri ya karanta. To wa ke gadin wannan rumbu? A 2018 aka gano wata manhaja mai suna TeenSafe, wadda don iyaye aka yi ta, ta bar bayanan dubban yara a buɗe a intanet, har da lambobin sirrin shiga asusunsu na Apple, a rubuce ƙarara. A 2024 miliyoyin saƙonnin abokan cinikin wata manhajar leƙen waya mai suna mSpy suka fita waje, kuma ba shi ne karo na farko da aka fasa su ba. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta haramta wa kamfanin SpyFone da shugabansa wannan sana'a ɗungurungum. Waɗannan ma masu suna ne. Na kyauta da ake turawa a zauruka kuwa, babu wanda zai tsaya ya ce shi ne mai su. Uba ya zo yana tsoron kada hoton 'yarsa ya faɗa hannun baƙo, sai ya biya kuɗi a riƙa aika duk hotunanta zuwa hannun baƙi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar mai gyara, ita aka fi yi: a ɗauki wayar yarinya tana wanka ko tana barci, a haɗa WhatsApp ɗinta da wata na'ura. Wannan ba ta daɗewa. Duk na'urar da aka haɗa tana nan a jere a cikin saitin manhajar, kuma yaran yanzu sun san inda ake dubawa fiye da iyayensu.

Abin da ke biyo baya idan yaro ya gane shi ne ya fi damuna, domin ina ganinsa da idona. Wata rana bayan la'asar wata yarinya ta tsaya a gabana cikin kayan makaranta, ba za ta wuce shekara 16 ba. Ta zuge jaka, ta zaro safa guda ɗaya daga ƙasan littattafai, ta zazzago wata 'yar ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Sifikar ce ta mutu. Kafin in kunna ta ce, "Don Allah Baba, a sa ta kar ta riƙa ƙara in an kira." Na ce mata ai na ga wata babba a hannunta, me za ta yi da wannan? Ta yi shiru tana murza bakin hijabinta, can ta ce waccan Umma tana karanta komai a cikinta. Yadda ta gane shi ne, wata rana ana faɗa Ummanta ta maimaita mata wata magana daidai yadda ta rubuta wa ƙawarta, maganar da ba ta taɓa furtawa da baki ba. Ba ta ce komai ba, ba ta goge komai ba. Babbar wayar ta zama ta aikin makaranta da gaisuwar Juma'a, hira kuwa ta koma cikin safa. Na tambaye ta wa ya saya mata ƙaramar. Ta ce, "Wani ne."

Wannan "wani" ɗin shi ne ainihin abin da mahaifiyarta take gudu tun farko. Yanzu yana da layi na musamman zuwa ga yarinyar, wanda babu mai gani, uwar kuwa tana can hankalinta kwance, duk dare tana karanta saƙonni masu tsabta. Na gyara mata sifikar, domin in na ƙi, shago na gaba zai gyara ba tare da ya ce mata uffan ba. Amma na zaunar da ita a benci na yi mata maganar da zan so a yi wa tawa 'yar: namijin da zai saya miki waya a ɓoye bai shirya zuwa gaishe da mahaifinki ba. Na tambaye ta ko akwai babban da take iya gaya wa magana a danginsu. Ta ce gwaggonta. Na ce ta fara da ita, yau ba gobe ba.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi ya ce in ka bi diddigin aibobin mutane za ka ɓata su, ko ka kusa ɓata su. Duk wanda ya zauna a kasuwar waya zai ga fassarar wannan hadisi a aikace. Yaron da ya san ana leƙensa a ɓoye ba ya daina abin da yake yi, ƙwarewa yake a ɓoyewa. Akwai manhaja mai kamar kalkuleta wadda in ka danna wasu lambobi sai ta buɗe ma'ajiyar hotuna. Akwai saƙon da ke goge kansa, akwai hoton da sau ɗaya ake kallo, akwai kulle hira ɗaya da yatsa, akwai shafi na biyu da sunan da iyaye ba su sani ba, akwai wayar aboki a makaranta. Muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a sha'anin rayuwa haka ne. A sha'anin danne-dannen waya kuwa yaran suna gabanmu da nisa, kuma uban da ya shiga tsere da ɗansa a wannan fage zai sha kaye.

Ku dawo kan masu tarkon hoton nan. Makaminsu ɗaya ne: kunya da tsoro. Suna gaya wa yaro, in ba ka turo kuɗi ba yanzu za mu aika wa babanka da 'yan ajinku. Abin yana faruwa ne da sauri, cikin dare, lokacin da mai karanta saƙonni a ɓoye yake barci. A wannan sa'a babu manhajar da za ta ceci yaro. Abin da zai cece shi shi ne ya iya tashi ya je ƙofar ɗakin iyayensa ya ce, "Abba, na yi wauta, ga abin da ya faru," yana da tabbacin za a fara da taimakonsa kafin faɗa. Yaron da ya taɓa kama iyayensa suna masa leƙen asiri, ko aka taɓa tona masa asiri a gaban ƙannensa da abin da aka gani a wayarsa, da wuya ya taka zuwa wannan ƙofa.

Yanzu maganar neman yardar yaro, wadda ake yawan yi a rubuce-rubucen tarbiyya. Ina ganin ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan. Idan uba ya ce wa ɗan shekara 12, "Ka yarda in riƙa duba wayarka?" yaron ba shi da bakin cewa a'a. In ya ƙi, wayar za a karɓe, kuma ya sani. Yardar da ba a iya ƙin bayar da ita ba cikakkiyar yarda ba ce, kuma bai kamata mu riƙa fakewa da ita muna cewa ai shi ya amince ba. Hukuncin na iyaye ne, su ɗauki nauyinsa. Amma rashin ikon ƙi bai sa yaro ya rasa haƙƙi ba. Yana da haƙƙin ya san abin da ake gani da abin da ba a gani. Yana da haƙƙin a gaya masa dalili, ba "haka na ce" kawai ba. Yana da haƙƙin a saurari ƙorafinsa, har wani lokaci a canja wani abu saboda ya kawo hujja mai kyau. Kuma yana da haƙƙin ya san cewa wannan tsari yana da ranar sassautawa, ba ɗaurin rai da rai ba ne. Ɗan shekara 10 da 'yar shekara 17 ba za a yi musu awo da mudu ɗaya ba. Na farko kusan komai nasa a buɗe ya kamata ya kasance, ta biyun kuwa gobe-gobe za ta tafi jami'a ko ɗakin miji, inda babu mai duba mata waya sai hankalinta. In ba a bar ta ta gwada wannan hankalin tana gaban iyayenta ba, yaushe za ta gwada?

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro waya. Ku tuna yadda ake zance a gidajenmu. Saurayi ba ya zuwa sai an san shi, an san gidansu. Ana shimfiɗa musu tabarma a zaure ko a ƙofar gida, inda mai shiga da mai fita zai gan su. Sau da yawa ana haɗa ta da ƙanwa ko ƙane ya zauna daga gefe. In dare ya fara yi a aiko yaro ya ce ana kiranta a ciki. An san da wa take, an san inda take, an san lokacin tashi, ita ma ta san duk an sani. Amma babu uban kirki da zai laɓe a bayan ƙyaure yana sauraron abin da suke cewa, in kuwa aka kama shi yana haka, shi ne zai ji kunya. Tsarin da nake so mu ɗauko mu ɗora a kan waya ke nan.

Shi ya sa in aka zo min da waccan buƙata nake cewa, "Alhaji, a zo min da yaron, a gabansa za mu yi." Wasu suna ɓata rai su tafi, na kuma san akwai inda za a yi musu abin da suke so. Waɗanda suka dawo, mukan zauna mu uku. In wayar Android ce, kamar yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun yaranmu, ina saka musu Family Link, manhajar Google ta kyauta da ta fito a 2017. Uba zai ga awa nawa aka yi a kowace manhaja, zai iya sa wayar ta kulle kanta da dare, ba za a sauko da sabon abu daga Play Store ba sai ya amince, zai kuma ga inda wayar take a taswira. Ba ta nuna masa abin da aka rubuta a saƙo, kuma wayar yaron tana nuna masa a fili cewa tana ƙarƙashin kulawa. IPhone tana da irin wannan a cikin saitinta tun 2018, TikTok ma tun 2020 yana da hanyar haɗa shafin yaro da na iyaye. Ina juya sikirin ɗin uban in nuna wa yaron, in ce, ga abin da Abbanka zai gani, ga wanda ba zai gani ba. Sau da yawa a nan ne za ka ga kafaɗun yaron sun sauko. Wani ma har ya fara ciniki, a ƙara masa lokaci ranar Asabar saboda ƙwallo.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tunawa da shi ba. Hirar da ke cikin wayar 'yarka ba tata ce ita kaɗai ba. A ciki akwai ƙawarta da ta gaya mata iyayenta suna shirin rabuwa, akwai wadda ta faɗi ciwon da take ɓoyewa, akwai 'yar maƙwabta da ta turo hotonta ba ɗankwali don ta san mace ce za ta gani. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, ba su ba ka amanarsu ba, iyayensu ma ba su ba ka ba. Ayar Suratul Hujurati da ta hana bin diddigin asirin juna ba ta ware 'ya'yan maƙwabta ba. A Suratun Nur kuma Allah ya umarci a koya wa yara neman izini kafin su shigo wa iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. Gidan da ake koya wa yaro sallama a bakin ƙofa, ya kamata shi ma ya ga ana yi masa wani abu makamancin haka yayin da yake girma.

Na san kuma a gidajenmu akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wanda wata uwar ko sunansa ba ta faɗa. Wani uban bai taɓa zama da 'yarsa sun yi hirar minti goma ba, ba don ba ya sonta ba, haka ya taso ya gani. A ganina wannan yana cikin abin da ke tura mutane ga leƙe: ya fi sauƙi ka karanta a ɓoye da ka buɗe baki ka yi tambayar da ke da nauyi. Amma al'adar da ta kawo kunyar ita ta kawo mafitarta. Akwai kaka da ake wasa da ita, akwai gwaggo, akwai inna, akwai kawu, akwai babbar yaya. In bakinka ba zai iya ba, ka tabbatar akwai wani babba mai hankali da yaron yake sakin jiki da shi, ka kuma bar wannan ƙofar a buɗe ba tare da ka matsa sai an kawo maka rahoton duk abin da aka faɗa ba.

Abu biyu nake lura da su a masu zuwa wurina, duka suna ci min rai. Na farko, kusan kullum wayar 'ya mace ake kawowa. Namiji yana can yana caca, yana cikin zaurukan da ake tura bidiyon banza, wani ma shi ne yake tura wa 'yar wani saƙon da bai dace ba, amma an ce ai namiji ne. Na biyu, wani zai ce wayar 'yarsa ce, ana cikin magana sai ka gane ta matarsa ce. Wannan ko tattaunawa ba na yi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare don yana zarginsu ko yana neman kama su da laifi. Matar aure ba yarinya ba ce, kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya na kowane ɗan ƙasa.

To babu lokacin da za a buɗe wayar yaro ko bai so ba? Akwai. Malamin da ke karantar da mu bayan magariba ya taɓa kawo mana bayanin Imam Mawardi, cewa ba a bincike a kan abin da mutane suka ɓoye, sai in akwai alama mai ƙarfi ta ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce amintaccen mutum ya kawo labarin ana shirin kashe wani. Wannan ma'auni ya yi daidai da gida. Kuɗi ko kaya masu tsada da ba a san tushensu ba, waya ta biyu da wani babba ya saya, yaro ya daina cin abinci yana firgita duk lokacin da saƙo ya shigo, maganar cutar da kai, alamar ƙwaya, ko a wayi gari ba a ga yaro ba. A irin wannan hali ka karɓi wayar, kada ka tsaya dogon shawara. Amma ka karɓa a gabansa, ka ce, "Na ga kaza da kaza, hankalina bai kwanta ba, za mu duba tare." Ka duba abin da ya kawo ka, ka bar sauran. In ka tarar ana yi masa barazana da hoto, kada a biya ko sisi, domin biya ba ya sa su daina. Kada a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu a ajiye shaida, a toshe mutumin, a kai rahoto ga manhajar da kuma 'yan sanda. Faɗa da hukunci su jira har yaron ya dawo hayyacinsa. Abin da aka gani kuma ya tsaya tsakanin waɗanda ya zama dole su sani, kada ya zama abin gori duk ranar da aka yi saɓani. Jin cewa "yaran yanzu sai a hankali" shi kaɗai bai kai alama mai ƙarfi ba, zato ne.

Wani abokin sana'ata yakan ce min, in ka gaya wa yaro kana dubawa ai ka ba shi damar ɓoyewa. Gaskiya ne, zai iya. Amma wanda ake leƙe a ɓoye ma yana ɓoyewa da zarar ya gane, kuma yana ganewa. Bambancin shi ne na farko yana ɓoye wani abu ne ga uban da ya san bai taɓa yaudararsa ba, don haka hanyar dawowa tana nan. Ba na da'awar tsarina yana hana kowace ɓarna. Shiriya ta Allah ce, kuma akwai gidajen da aka yi duk abin da ya kamata amma aka jarrabe su.

A gidana ga yadda muke yi. Duk wanda bai gama sakandare ba, wayarsa a falo take kwana, a kan teburin da muke caji, tawa da ta mahaifiyarsu ma nan suke kwana in ba ina jiran kira ba. Mahaifiyarsu ta san lambar buɗe kowace waya, sun san ta sani, kuma alƙawarin da muka yi musu shi ne ba za a buɗe ba sai mai wayar yana zaune. Babbar 'yata da ta samu gurbin karatu a Zariya, kafin ta tafi na kira ta na cire Family Link daga wayarta a gabanta, na ce ta canja lambar sirrinta. Ita da kanta take kunna mana wurin da take a taswira in ta shiga mota daga Kano, ta kashe in ta isa makaranta. Ƙanenta da ke aji biyar yana ganin ƙarfe tara ya yi wuri a kulle masa waya, tunda wasu darussan a YouTube yake kallo, kuma abokan karatunsa sai bayan isha'i suke haɗuwa a zauren WhatsApp. Na duba abin da manhajar ta nuna na makonnin baya tare da shi, na ga rabin maganarsa gaskiya ce, rabi ƙwallo ce. Mun ƙara masa zuwa tara da rabi a ranakun makaranta, sauran kuma mun ajiye sai ya gama jarrabawar zangon nan mu sake zama.